Manjo Rennell, Mutumin da Ya Bi Sawun Ruwan Teku

Duk wanda ya tashi a Rawayau da kewayenta, har Kurfi da Dutsin-Ma, ya san halin iska ko da bai taɓa shiga aji ba. In kaka ta wuce sai ta taso daga arewa maso gabas da ƙura da sanyi, mu ce hunturu ya kama. Da bazara kuwa sai ta juya, ta riƙa zuwa daga kudu maso yamma da laima, manoma su shiga sharar gona. In mutum ya tsaya bakin tafki ran da a ke iska, zai ga ta tattara kainuwa da karmami ta kai su gefe guda ta jibge. To, wannan abin da mu ke gani a tafki mu wuce, shi ne wani Bature ya ƙare tsufansa yana bincikensa a kan teku. Sunansa Manjo James Rennell. Mun ga ya kamata 'yan'uwanmu ɗalibai su ji labarinsa, domin ya rubuta sunan Katsina cikin taswirarsa tun 1790, ga shi kuwa ya yi daidai a kan teku, ya yi kuskure babba a kan ƙasarmu, kowanne kuwa da dalilinsa.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haife shi ran 3 ga watan Disamba 1742, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Chudleigh a kudu maso yammacin Ingila. Ubansa hafsa ne cikin sojan igwa, aka kashe shi a wurin yaƙi tun yaron bai kai shekara shida ba. Da ya zama maraya sai limamin cocin garin, wani mai suna Gilbert Burrington, ya ɗauke shi ya riƙe kamar ɗansa. Bai sami dogon karatu ba. Cikin 1756, bai ko cika shekara 14 ba, aka sa shi cikin jirgin ruwan yaƙi. Lokacin nan kuwa Ingila da Faransa na ta gwabzawa a tudu da ruwa.

A cikin jirgi ya koyi sana'ar da ta ɗaukaka shi. Duk tashar da suka tsaya, sai ya ɗauki igiya mai darma a baki ya auna zurfin ruwa, ya zana bakin gaɓa da duwatsun da ke ɓoye. Ba wanda ya sa shi, sai dai sha'awa. Cikin 1760 aka tafi da shi ƙasar Indiya. Da yaƙi ya ƙare cikin 1763 ya ga ba shi da wani babba da zai tsaya masa a ƙara masa girma, sai ya bar aikin sarki ya shiga na Kamfanin Ingilishi mai ciniki a Indiya, aka ba shi wani jirgi ya riƙe. A shekarar nan wata guguwa ta faɗa wa tashar Madaras, kusan duk jiragen da ke wurin suka nutse, har da nasa. Shi kuwa ya kwana a tudu daren nan, ya tsira. Sauran kwana ya hana gagawa.

Aikinsa a Bengal

Asarar jirgin nan ita ta buɗe masa wata ƙofa. Cikin 1764, yana da shekara 21, Gwamnan Bengal ya naɗa shi safiyo, ya ce ya auna kogin Ganjis da rassansa. Cikin 1767 aka mai da shi Babban Safiyo na ƙasar duka. Shekara 13 ya yi yana wannan aiki, yawanci cikin kwalekwale, ga zazzaɓi, ga damisa, ga ambaliya.

Kada mu ɓoye, taswirar nan ba don mutanen Bengal aka yi ta ba. Kamfani ya karɓe haraji da mulkin ƙasar, yana so ya san iyakar abin da ya ci da hanyoyin da sojansa za su bi. Don haka ba kowa ya yi murna da ganin mai awo ba. Cikin 1766, kusa da iyakar ƙasar Butan, ya yi karo da wata rundunar masu yawon ibada da ke ɗauke da makamai, suka sassare shi da takobi a kafaɗa da hannu har aka fid da rai. Aka sa shi cikin kwalekwale aka yi tafiyar kimanin mil 300 da shi zuwa Daka kafin a sami likita. Ya warke, amma jikinsa bai sake komawa kamar da ba. Cikin 1772 ya auri wata mai suna Jane Thackeray. Cikin 1777 ya ajiye aiki da muƙamin Manjo, aka yanka masa fansho fam 600 a shekara.

Zamanin nan babu mashigin Suwez, sai an kewaye Afirka ta kudu. Wani in ya sami hutu irin wannan sai barci, amma Rennell sai ya sa ido a kan ruwa. Ya lura akwai wani gudun ruwa mai ƙarfi da ke bin gaɓar Afirka ta kudu maso gabas yana gangarawa wajen ƙarshen ƙasar, wanda a ke kira Agulhas. Da ya isa Ingila cikin 1778 ya buga taswirarsa. Wannan shi ne farkon aikinsa a kan teku. Bayan haka ya fitar da littafin taswirorin Bengal da babbar taswirar Indiya. Cikin 1781 aka shigar da shi Jam'iyyar Masana ta Sarki a Landan, cikin 1791 kuma suka ba shi lambarsu mafi daraja, wadda a ke kira Copley.

Kwara da Katsina

Cikin 1788 waɗansu manyan Ingila suka kafa wata jam'iyya don binciken cikin Afirka. Abin da ya fi damunsu shi ne kogin Kwara: ina ya fito, ina ya nufa, ina ya ƙare. Rennell shi ne mai zana musu taswira. Bai taɓa taka ƙasarmu ba. Abin da ya samu shi ne littattafan mutanen da, na Girkawa da na Larabawa, da labarin da wakilan jam'iyyar suka ji daga bakin fataken Arewacin Afirka masu ƙetare Sahara. Su ne suka ba da labarin Katsina, wadda a lokacin nan kasuwarta ta yi suna har Tarabulus. Sai ya riƙa lissafin kwanakin tafiyar raƙumi yana mai da su mil, da haka ya sa garuruwa a takarda. Bisa ga labarin da aka ba shi, Kwara ta ratsa ƙasar Katsina kudu da birni. Da haka ne, da sai mun biya kuɗin fito duk ran da za mu Zazzau.

Cikin watan Yuli 1796 Mungo Park ya isa Kwara a Segu, ya ga da idonsa gabas ta ke gudu. Da ya komo, Rennell ya zana taswirar tafiyarsa cikin 1798. A nan ya yi kuskure biyu. Park ya hangi waɗansu duwatsu daga nesa wajen kudu, aka gaya masa ƙasar Kong ce. Sai Rennell ya ja wani dogon jerin duwatsu daga yamma zuwa gabas, ya sa musu suna Duwatsun Kong. Da ya gina wannan ganuwa da alƙalaminsa, sai ya ga ba yadda Kwara za ta keta ta zuwa teku. Saboda haka ya yanke cewa tana wucewa gabas ne har ta faɗa waɗansu manyan tafkuna a wata ƙasa da ya kira Wangara, rana ta shanye ta a can.

Da ya ke shi babban malami ne, sai masu taswira suka yi ta kwafar duwatsun nan kusan shekara 90, har wani hafsan Faransa mai suna Binger ya isa garin Kong cikin 1888 ya tarar babu su. Alhali kuwa tun zamanin Rennell fatakenmu masu zuwa Gwanja sayen goro suna ƙetare Kwara a wajajen Yawuri da Nufe, sun san inda ta karkata kudu. Ilmin yana nan wurin masu shi, mai taswira ne bai kai gare su ba.

Gulaben teku

A kan teku kuwa hanyar da ya bi dabam ce. Matarsa ta rasu cikin 1810, daga nan kusan duk sauran ransa ya ba da shi ga wannan bincike. Ga yadda a ke gane gudun ruwa a wurin da ba tudu ba itace. Kowace rana shugaban jirgi ya kan lissafa saurin jirginsa da inda ya fuskanta, ya ce ya kamata yanzu muna wuri kaza. Sa'an nan ya auna tsayin rana da tsaka, ya dubi agogon teku, irin wanda ba ya ƙara ko rage lokaci, ya san ainihin inda ya ke. In ya ga bambancin mil 20 ko 30 tsakanin lissafi da gaskiya, to, ruwa ne ya ɗauke shi, ya kuwa san inda ya kai shi. Rennell ya yi ta tattara littattafan jiragen yaƙi da na fatake, da labarin kwalabe da a ke jefawa cikin teku da takarda a ciki a tsince su a wata gaɓa, da awon zafin ruwa. Kowane awo ya sa masa 'yar kibiya a taswira, har kiban suka yi yawa, hanyoyin ruwa suka fito fili kamar turbar shanu.

Wannan ba wasan malamai ba ne, maganar rai ce. Jirgin da ruwa ya janye mil 30 cikin dare, mai shi bai sani ba, shi ke faɗa wa dutse. A tsibiran Sili da ke bakin shiga Ingila jirage da yawa sun hallaka, har cikin 1707 jiragen yaƙi huɗu suka farfashe a dare guda, mutum fiye da dubu suka mutu. Cikin 1793 Rennell ya karanta wata takarda gaban masana, ya nuna in iskar yamma ta daɗe tana bugawa, ruwa kan tura jirage arewa zuwa wajen duwatsun nan. Aka sa wa wannan gudun ruwa sunansa, ko da ya ke na baya sun gane ba kullum ya ke gudu ba.

Babban abin da ya koyar shi ne iska ce uwar tafiyar ruwan saman teku. Ya raba gudun ruwa iri biyu. Na fari shi ne wanda iska ke kora a hankali bisa faɗin teku, kamar yadda mutum ke hura kunu a ƙwarya ya ga samansa na tafiya ɗaya gefen. Na biyu shi ne in ruwan nan da aka koro ya tarar da gaɓa ta tare shi, sai ya taru, ya nemi mafita, ya zama gulbi mai zurfi da sauri, yana iya gudu ko da iska ta saɓa masa.

Ga misali a tekun Atlantika. Iskar nan ta arewa maso gabas da mu ke kira hunturu, 'yar'uwarta tana bugawa a kan teku kusan shekara duka. Ita ke korar ruwa daga gaɓar Afirka zuwa yamma har Amurka. Can ya taru, ya matse ta mashigin Fulorida, ya fito ya zama gulbin nan mai ɗumi da Turawa ke kira Gulf Stream, wanda a waɗansu wurare gudunsa ya kan kai mil biyar a sa'a, ruwan da ke cikinsa kuwa ya fi na dukan kogunan duniya in an gama su. Ya bi gaɓar Amurka ya yi arewa, sai iskar yamma ta karɓe shi ta tura shi gabas wajen Turai. Wani sashe ya wuce arewa, shi ke rage wa Ingila sanyi. Wani sashe ya juyo kudu ta tsibiran Kanari da gaɓar Maroko da Senegal, ya komo inda ya faro. Ga kewaye ya cika ke nan. A tsakiyarsa akwai wani wuri mai kwantaccen ruwa, Sargaso, inda ciyawar teku ke taruwa kamar kainuwar tafkinmu. A bakin gaɓarmu kuma akwai gulbin Gini, mai gudu gabas ya wuce ta gaban Ikko.

Iska da ruwan nan su ne hanyar jiragen filafilai, da masu alheri da masu sharri. Ta kansu aka bi aka kwashi bayi zuwa Amurka, cikinsu har da Hausawa da aka kai Bahiya ta ƙasar Barazil, inda suka ƙulla tawaye cikin 1807.

Abin da na baya suka ƙara

Akwai abu guda da Rennell bai ba shi matsayinsa ba, watau juyawar duniya. Cikin 1835 wani Bafaranshe mai suna Coriolis ya bayyana lissafin yadda abu mai tafiya bisa abin da ke juyawa ya kan karkace. Kowane malami na iya nuna wa yara wannan: a sa yaro guda ya riƙa juya faifai, wani ya ja layi da gawayi daga tsakiya zuwa baki, hannunsa a miƙe. In an tsai da faifai za a ga layin ya tanƙware. Haka duniya ke yi wa iska da ruwa, a arewacinta ta karkatar da su dama, a kudancinta hagu.

Tsakanin 1893 da 1896 Nansen, mutumin Norwe, ya lura ƙanƙarar tekun arewa ba ta bin iska sosai, sai ta ratse dama. Cikin 1905 wani saurayi ɗan Suwidin mai suna Ekman ya warware dalilin. Iska na jan ruwan sama ya karkata dama, shi kuma ya ja na ƙarƙashinsa ya ƙara karkata, haka haka har ƙarfin ya ƙare. In an gama duka, sai a ga ruwan ya tafi dama sak, ya gicciye hanyar iska. To, iskar da ke kudu ta nufi yamma, damarta arewa ke nan. Iskar da ke arewa ta nufi gabas, damarta kudu ke nan. Ashe su biyu suna tara ruwa a tsakiya ne, har ya yi tozo kamar na mita guda bisa faɗin dubban mil. Ruwa ya so gangarowa daga tozon, juyawar duniya ta karkatar da shi dama, sai ya dinga kewaya tozon kamar hannun agogo. Cikin 1948 kuma wani Ba'amurke, Stommel, ya nuna abin da ya sa gulbin yamma ya ke siriri mai sauri, na gabas kuwa mai faɗi da nawa, watau don ƙarfin karkatarwar nan yana ƙaruwa ne in an yi nisa da tsakiyar duniya. Yanzu an san manyan kewayen nan guda biyar ne: biyu a Atlantika, biyu a Fasifik, ɗaya a tekun Indiya. Na kudu suna juyawa ne saɓanin hannun agogo.

Kada wani ya ce mu da ba mu taɓa ganin teku ba ina ruwanmu. Laimar da iskar bazara ke kawo mana daga tekun Gini ta ke ɗebo ta. Masana sun gane ɗumin ruwan teku da sanyinsa na da hannu cikin yawan ruwan daminarmu, har da farin da aka sha cikin 1973 da 1984. Gero na gona a Rawayau, amma rabonsa na da alaƙa da ruwan da ke nesa da shi ɗaruruwan mil.

Ƙarshensa

Rennell ya tsufa a Landan, mutum mai sauƙin kai, matafiya da shugabannin jirage na zuwa gidansa suna kawo masa labari. Ya rasu ran 29 ga watan Maris 1830 yana da shekara 87, aka binne shi a majami'ar Westminster, inda aka binne sarakuna da manyan mutanen Ingila da yawa. Lokacin da ya ke kwance, Richard Lander, baran Clapperton wanda ya yi jinyar maigidansa har ya rasu a Sakkwato cikin 1827, ya riga ya kama hanya tare da ƙanensa John. Suka shiga kwalekwale a wajen Busa suka bi Kwara, cikin watan Nuwamba 1830 suka fito teku. Wata takwas ke nan bayan rasuwar Manjo. Littafinsa na gulaben Atlantika kuwa bai ga fitarsa ba, 'yarsa Jane ce ta buga shi cikin 1832, ya zama tushen da masu binciken teku suka yi gini a kai.

Ku duba yadda abin ya kasance. Ruwan da ya sauka a ƙasar Dutsin-Ma ya kan bi Karaduwa ya shiga Bunsuru, daga nan Rima, ya wuce Sakkwato ya faɗa Kwara, Kwara ta kai shi teku, gulbin Gini ya karɓe shi. Watau kogin da Rennell ya ce rana ke shanyewa a tsakiyar ƙasa, ashe cikin tekun nan da ya fi kowa sani a zamaninsa ya ke zuba.

Mu da a ke shirya mu don koyar da yara, akwai abin lura a nan. Mutum guda ne, hankalinsa guda, ƙwazonsa guda. Inda ya tara awon waɗanda suka je suka auna da hannunsu, maganarsa ta tsaya har yau. Inda ya dogara ga an ce ka ce, ya cike giɓi da zato, sai ya dasa duwatsun da babu su, yara suka yi ta haddace su shekara da shekaru domin malami ne ya faɗa. Gobe mu ma za mu tsaya gaban allo, abin da muka zana kuwa shi yara za su ɗauka. In mun zo darasin labarin ƙasa, ya kamata mu fita da su bakin tafki ran da a ke iska su ga kainuwa da idonsu, mu tambayi tsofaffin gari inda rafin ƙauyensu ya nufa, sa'an nan mu komo aji mu buɗe taswira.